Me Ya Sa Tuwo Ke Tauri Idan Ya Kwana? Tarihin Wata Tambaya da Ta Kai Har Buhun Wake

A Indabo, cikin ƙaramar hukumar Wudil, kamar dai a kowane gari na ƙasar Kano, tuwon da aka kwashe da magariba yakan zo da laushi da danƙo, amma wanda ya kwana sai a wayi gari ya yi tauri, yana ɓantarewa a hannu, wani lokaci har da ɗan ruwa yana tsattsafowa a jikinsa. Idan aka tambayi dalili, amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce ya bushe. Sai dai a yau malmala da yawa a leda ake ƙulle ta, a jera a kula a rufe, babu ta inda ruwanta zai fita, kuma duk da haka tana yin taurin. Ƙari a kan haka, da zarar an mayar da ita kan wuta an yi ɗumame sai laushinta ya dawo. Abin da ya bushe kuwa, wuta ƙara busar da shi take yi.

Abin da ke faruwa shi ne, dogayen sarƙoƙin sitacin da zafi ya warware a tukunya suna komawa su jeru cikin tsari, su zama abin da masana ke kira kiristal. Faɗin haka yana da sauƙi a yau, amma an shafe fiye da shekara ɗari, daga 1852 zuwa wajen 1985, kafin a fahimci yadda abu mai tsawo kamar igiya zai iya shiga tsari irin na gishiri. Mabuɗin amsar kuma a jikin ledar nan da ake ƙulle tuwon aka same shi.

Gishiri da sarƙa

Bahaushe ya daɗe da sanin kiristal, ko da bai kira shi da wannan suna ba. A Bilma, cikin saharar Nijar, ana barin ruwan gishiri a ramuka rana ta ƙone shi, har ruwan ya kasa riƙe gishirin da ya narke a cikinsa, sai ƙwayoyin gishiri su fito, a kwashe a yi kantu, ayarin raƙuma ya kawo kudu. Mai mazarƙwaila yana dafa ruwan rake har ya yi kauri, ya zuba a mazubi, da ya huce sai sukarin ya daskare. A duka biyun abu ɗaya ne ke gudana. Da farko wasu 'yan ƙwayoyi kaɗan suna haɗuwa su zama iri, sa'an nan saura su riƙa zuwa suna manne wa irin, sahu bayan sahu, kowace tana zama daidai kusa da 'yar'uwarta, har abin ya girma ido ya gan shi.

A 1912 Bajamushe Max von Laue ya gano cewa hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, wato eksire, idan ya ratsa kiristal yakan watsu ya bar ɗige-ɗige masu tsari a kan fim. A 1913 William Henry Bragg da ɗansa Lawrence, a Ingila, suka yi amfani da wannan suka zayyana yadda ƙwayoyin gishirin miya suke jere. Daga nan aka samu ma'auni: abin da ke da tsari a cikinsa yana ba da ɗigo ko zobe mai kaifi, wanda yake a hargitse kuwa sai dusu-dusu.

Ƙwayar gishiri ƙarama ce, tana iya juyawa ta shiga gurbinta ba tare da wahala ba. Sitacin dawa da gero da masara da shinkafa ba haka yake ba. Ƙwayoyin sukarin gulukos ne ɗaruruwa ko dubbai aka ƙulla ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan carbi. Irin waɗannan dogayen ƙwayoyi su ake kira folima. Auduga folima ce, haka ƙaro, haka fata da gashi, haka roba da leda. Tambayar ita ce: yaya igiya mai tsawon haka, wadda ta cukuikuye da dubban 'yan'uwanta, za ta shiga sahu?

Burodi a cikin kwalba

Wanda ya fara rusa zancen bushewa shi ne Jean-Baptiste Boussingault, Bafaranshe masanin noma da sinadarai. A 1852 ya rufe burodi a mazubin da iska ba ta shiga ba ta fita, ya ajiye kwanaki. Burodin bai rasa wani ruwan kirki ba, amma ya yi tauri kamar wanda aka bari a fili, kuma da aka ɗumama shi sai ya koma kamar sabo. Boussingault ya yanke cewa wani canji ne ke faruwa a cikin jikin burodin, amma zamaninsa ba shi da na'urar da za ta nuna masa ko wane iri ne.

Sai a ƙarshen shekarun 1920 wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Holan, J. R. Katz, ya haska wa sitaci da burodi eksire. Ya ga ɗanyen gari yana ba da zobba masu kaifi, alamar akwai kiristal a cikin ƙwayar sitaci tun daga gona. Da aka dafa sai zobban suka ɓace. Da aka ajiye dafaffen ya kwana biyu sai wasu zobba suka sake bayyana, suna ƙara fitowa yayin da abin ke ƙara tauri. Ke nan girki yana rusa tsari, ajiya kuma tana sake gina shi.

A daidai wannan lokaci ana tafka muhawara a Jamus kan ko dogayen ƙwayoyin ma akwai su. A 1920 Hermann Staudinger ya ce roba da sitaci da auduga sarƙoƙi ne na gaske masu dubban gaɓoɓi. Manyan masana da yawa suka ƙi yarda, suna ganin ƙananan ƙwayoyi ne kawai suka cure wuri ɗaya. Ɗaya daga cikin hujjojinsu daga eksire ta fito: tsarin da ke maimaita kansa a zaren auduga bai wuce kusan nanomita ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita, don haka, a ganinsu, ƙwayar ba za ta fi wannan girma ba. Kurt Meyer da Herman Mark suka nuna a 1928 cewa abin da ke maimaituwar gaɓa ce kawai ta doguwar sarƙa, kamar yadda zanen atamfa ke maimaituwa duk bayan taƙi guda alhali turmin yadi shida ne. Staudinger ya yi nasara, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1953.

Saura yadda sarƙoƙin ke kwanciya. A 1930 wasu masana uku a Jamus, Herrmann da Gerngross da Abitz, suna nazarin jelatin, sinadarin nan da ke sa romon ƙafar saniya ya daskare idan ya huce, suka kawo wani bayani. Suka ce a ɗauka tamkar taliya ce a kwano: galibinta a cukuikuye take, amma nan da can za a tarar da wasu silla sun kwanta kafaɗa da kafaɗa na ɗan taƙi kafin kowane ya kama gabansa. Waɗannan 'yan wurare su ne kiristal. Wannan bayani ya yi mulki kusan shekara talatin, kuma a ƙarƙashinsa an ɗauka ba zai taɓa yiwuwa a samu kiristal ɗin folima guda, mai fuska da kusurwa irin na gishiri, ba.

Leda ta ba da amsa

A watan Maris na 1933, a masana'antar kamfanin ICI da ke Winnington a Ingila, Eric Fawcett da Reginald Gibson suka matse iskar etilin da matsi mai tsanani, suka tarar da wani farin abu kamar kakin zuma a jikin tukunyar gwajin. Wannan shi ne foli'etilin, uwar ledar da muka sani. An fara yin sa don kasuwa a 1939, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu an yi amfani da shi wajen rufe wayoyin na'urar hangen jiragen sama. Babu folimar da ta kai shi sauƙin gini: ƙwayoyin kabon ne a jere, kowace riƙe da haidurojin biyu. Sai dai na farkon yana da rassa da yawa a jikin sarƙarsa, masu hana shi kwanciya sosai. A farkon shekarun 1950 kamfanin Phillips a Amurka, da Karl Ziegler a Jamus a 1953, suka gano hanyoyin yin sarƙa miƙaƙƙiya marar rassa. Wannan miƙaƙƙiyar sarƙa ce ta buɗe ƙofa.

A 1957 mutum uku, kowa a wurinsa, suka ba da rahoton abu ɗaya: Paul Till a kamfanin DuPont na Amurka, da Erhard Fischer a Mainz ta Jamus, da Andrew Keller a Jami'ar Bristol ta Ingila. Keller, wanda aka haifa a Budapest a 1925, ya bar Hangare a 1948, ya yi aiki a ICI a Manchester kafin ya koma Bristol a 1955. Gwajin ba shi da wuyar faɗi. Leda ba ta narkewa a ruwan sha, amma tana narkewa a wani ruwan sinadari mai suna zailin idan ya yi zafi sosai. Sai a narkar da ɗan ƙanƙanin foli'etilin a zailin mai yawa, yadda kowace sarƙa za ta yi iyo ita kaɗai ba ta cukuikuye da wata ba, sa'an nan a bar shi ya huce sannu a hankali. Ruwan da yake garau sai ya yi gauraye. Da aka duba abin da ya fito da madubin ilektaron, mai ƙara girman abu sau dubbai, sai ga 'yan falle-falle masu kusurwa huɗu, gefensu a miƙe sumul, kamar yankan alkaki. Ga kiristal ɗin da aka ce ba zai yiwu ba.

Fallen suna da faɗi, amma kaurinsu bai wuce kusan nanomita 10 ba. Sai an jera wajen dubu goma kafin a kai kaurin takarda ɗaya. Kowa zai zaci sarƙoƙin a kwance suke bisa faɗin fallen. Da aka haska musu ilektaron sai aka ga a tsaye suke, daga fuskar ƙasa zuwa ta sama. A nan lissafi ya tsaya. Kowace ƙwayar kabon tana ƙara wa sarƙa kusan nanomita 0.127, don haka sarƙa mai kabon 10,000 ta kai tsawon nanomita 1,270. Yaya abu mai wannan tsawo zai tsaya a ɗaki mai tsayin 10? Keller ya faɗi amsar ƙarara: sarƙar ninkewa take yi. Takan tafi kusan kabon 80, ta lanƙwasa ta dawo, ta sake lanƙwasawa, fiye da sau ɗari.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan masaƙin gargajiya ya ga irin wannan. Abawar da ke cikin ƙoshiya tana da tsawon gaske, amma ƙyallen da ake saƙawa bai fi faɗin 'yan yatsu ba, domin da zaren ya kai baki sai ya juyo ya kwanta kusa da na baya. Faɗin ƙyallen shi ne kaurin kiristal, bakinsa biyu inda zaren ke juyawa su ne fuskokin fallen. An ma riga an hango wannan tun 1938, lokacin da Keith Storks na ɗakin binciken Bell a Amurka ya ga irinsa a wani danƙon itace na ƙasar Malaya da ake rufe wayoyin tangaraho na ƙarƙashin teku da shi, ya ce da alama sarƙar ninkewa take yi. Ba a kula da maganarsa ba sai bayan shekara goma sha tara.

Dalilin ninkewa

Da a ce sarƙar za ta samu duk lokacin da take so, da miƙewa za ta yi gaba ɗaya, domin kowace lanƙwasa takura ce gare ta. Bernhard Wunderlich ya nuna haka a 1964, inda ya daskarar da foli'etilin a ƙarƙashin matsin da ya kai kusan sau 5,000 na iskar duniya, ya samu kiristal mai miƙaƙƙun sarƙoƙi. A yanayi na yau da kullum kuwa gaggawa ce ke yanke hukunci, kuma John Lauritzen da John Hoffman na hukumar ma'aunai ta Amurka su suka tsara bayanin a 1960.

Falle yana girma ne ta gefensa. Sarƙa mai yawo a ruwa takan zo ta taɓa gefen, sai wani ɗan yanki nata ya miƙe ya manne. Wannan kwanciyar farko a kan fuska mai santsi ita ce mafi wuya, kuma sau da yawa yankin yakan sake ɓallewa ya koma ruwa. Idan ya samu ya zauna, to ya yi wa na biyu lungu, sai sarƙar ta lanƙwaso ta cika lungun, na uku ya biyo, har sahu ya kai ƙarshe, a jira wata kwanciyar farko a fara sabo. Idan yankin da ya kwanta ya cika gajarta, takurar lanƙwasa ta fi daɗin kwanciya, sai ya warware. Idan kuma ya cika tsawo, miƙar da shi yana ɗaukar lokaci, sai gajere ya riga shi. Wanda ke cin tseren shi ne wanda ya ɗan ɗara mafi ƙarancin tsawon da zai iya zama. Shi ya sa zafin ruwan ne ke ƙayyade kaurin falle: idan aka bar shi ya fito a ruwa mai zafi, yana girma a hankali ya yi kauri, idan aka sanyaya da sauri sai ya fito da yawa, sirara, marasa kyan tsari.

Ba kowa ya yarda ba. Paul Flory, babban masanin folima na Amurka wanda ya karɓi Nobel a 1974, ya ce tun 1962 ba zai yiwu sarƙa ta riƙa dawowa daidai kusa da inda ta fito ba, musamman a narkakkiyar roba mai kauri inda sarƙoƙi ke cukuikuye. A ganinsa takan fita ta yi yawo ta shiga ta wani wuri dabam. Gardamar ta yi zafi har ta kai ƙololuwa a wani taro da aka yi a Cambridge a 1979. Abin da ya tabbata daga baya shi ne kowa yana da rabonsa na gaskiya. A tsinkakken ruwa, inda sarƙa ke da sarari, ninkin yana da tsari sosai. A masana'anta, inda ake hura narkakkiyar roba ta huce cikin daƙiƙoƙi, falle yana fitowa amma ninkin ba shi da kyau, kuma sarƙa ɗaya takan shiga falle biyu ko uku, ta ɗaure su wuri guda.

Wannan rashin kammaluwa shi ne amfanin abin. Folima kusan ba ta taɓa zama kiristal ɗari bisa ɗari. Ledar ruwan sha, mai sarƙa mai rassa, kusan rabinta ne kiristal, shi ya sa take da laushi. Jarkar mai, mai miƙaƙƙiyar sarƙa, takan kai kashi biyu cikin uku ko fiye, shi ya sa take da tauri kuma ta fi jure zafi. Fallen su ke ba da ƙarfi, hargitsattsen tsakaninsu shi ke ba da lanƙwasuwa, sarƙoƙin da suka ratsa daga wannan zuwa wancan su ke hana abin tsagewa.

A 1965 Albert Pennings, a kamfanin DSM na Holan, ya ƙara wani abu guda a gwajin Keller: ya riƙa motsa ruwan yana hucewa. Juyawar ruwan ta miƙar da mafi tsawon sarƙoƙin suka zama siririn zare, gajerun kuma suka zo suka ninke a jikinsa falle-falle. Masana suka sa wa siffar sunan gasasshen naman Turkawa da ake soke wa a tsinke. Da a Kano aka yi gwajin, tsire za a ce. Daga wannan layin bincike Paul Smith da Piet Lemstra suka fito a 1979 da hanyar jan zare daga narkakken foli'etilin har sarƙoƙinsa su miƙe kusan duka. Zaren, mai suna Dyneema, yana iyo a kan ruwa, amma da shi ake yin igiyar ɗaure manyan jiragen ruwa da rigar kare harsashi.

Abin da ke cikin malmala

Da wannan fahimta aka koma kan sitaci. Shi iri biyu ne a haɗe. Akwai amilos, mai doguwar sarƙa kusan marar rassa, wanda a yawancin hatsi yake kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, da amilofektin, mai rassa birjik kamar itacen ƙaya, wanda shi ne saura. A 1942 Thomas Schoch a Amurka ya raba su ta hanyar sa amilos ya fito a matsayin kiristal daga ruwa, kuma a 1964 R. St. John Manley a Kanada ya nuna cewa irin wannan kiristal falle ne mai ninkakkiyar sarƙa, kamar na Keller.

A tukunya kuwa ga yadda abin ke tafiya. Gari ba ya kauri a ruwan sanyi, domin kiristal ɗin da ke cikin ƙwayar sitaci ya ɗaure ta. Idan zafi ya kai wajen digiri 70 a ma'aunin Salshiyas sai kiristal ɗin ya warware, ƙwayar ta sha ruwa ta kumbura, amilos ya tsiyayo waje. Lokacin ne talge ke kauri, muciya ta fara nauyi. Da an kwashe ya fara hucewa sai sarƙoƙin su fara neman juna bibbiyu, suna murɗewa kamar tufkar igiya, tufkokin kuma su jeru gefe da gefe. A 1985 Mervyn Miles da abokan aikinsa a cibiyar binciken abinci ta Norwich a Ingila suka nuna cewa aikin hawa biyu ne. Amilos yana gama nasa cikin 'yan sa'o'i, shi ne ke sa malmala ta tsaya da siffarta. Gajerun rassan amilofektin kuwa a hankali suke tufkewa, kwana da kwanaki, su ne ke kawo taurin da ke ƙaruwa. Yayin da sarƙoƙin ke matsowa kusa da juna suna matse wani ruwan waje, shi ne wanda ke tsattsafowa.

Kiristal ɗin amilofektin yana narkewa tun wajen digiri 60, shi ya sa ɗumame ke laushi. Na amilos kuwa sai zafi ya kai wajen 150, inda tukunyar gida ba ta kaiwa, shi ya sa ɗumame ba ya komawa sabon tuwo sak, yana da tasa kama da nasa masoya. Sanyi yana hanzarta tufkar, muddin bai kai ga ƙanƙara ba, don haka tuwon hunturu ya fi tauri da safe, kuma burodin da aka sa a firji ya fi saurin lalacewar laushi. Masu turara shanshera a Kura da sauran garuruwan shinkafa suna cin moriyar wannan ne da gangan: jiƙawa da turarawa suna dafa sitacin a cikin ɓawonsa, shanya kuma ta bar shi ya sake ɗaurewa, sai ƙwayar ta yi ƙwari, ba ta karyewa sosai a inji, kuma ba ta caɓewa a tukunya.

Buhun wake da ledar bola

Manomi a Indabo yana riƙe da ɗaya daga cikin 'ya'yan wannan ilmi ko bai sani ba. Tun farkon shekarun 1960 aka tabbatar cewa iska ba ta ratsa kiristal ɗin foli'etilin, sai dai ta bi ta hargitsattsen tsakani tana kewayawa. Gwargwadon yawan kiristal, gwargwadon wahalar shigar iska. A kan wannan aka gina buhun nan mai hawa uku na adana wake, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinta, har da masu bincike na Maraɗi, suka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007 da sunan PICS, kuma ana yin sa a Kano. Ledoji biyu na ciki, kowace mai kaurin mikiron 80, daga miƙaƙƙiyar sarƙa aka yi su, na wajen kuma saƙaƙƙen buhu ne. Idan aka ɗaure bakin kowane da kyau, ƙwarin da ke cikin waken suna shanye iskar da ta rage, sabuwa ba ta shigowa da saurin da za ta ishe su, sai su daina ci su mutu. Wake ya kai watanni ba a zuba masa guba ba, mai shi ya jira farashi ya tashi. Ƙaramin huji kuwa, ko ɗaurin da bai kama ba, ya isa ya ɓata aikin.

Tsarin da ya tsare wake shi ne kuma ya hana leda ruɓewa. Yawu da ƙwayoyin ƙasa suna da abin da suke yanka sarƙar sitaci da shi, amma sarƙar kabon zalla ba ta ba su wurin kamawa, kiristal ɗin kuma ya ƙara rufe ta. Rana ce ta fi yi mata illa, ita ma ta hanyar tsinka sarƙoƙin da ke ɗaure falle da falle, shi ya sa bokitin da ya daɗe a rana ke tsagewa, leda kuma ta ruguje ta zama ɓarɓashi amma ba ta ɓace ba. Haka take bin takin shara zuwa gona, haka kuma mahauta ke tarar da ita a cure a tumbin shanu da awaki. Ko sake narkarwa ma sai an ware iri-iri, domin robar jarka da ta saƙaƙƙen buhu ba sa shiga falle ɗaya. Idan aka haɗa su kowace takan daskare daban, abin da aka ƙera ya zo da rauni.

Shi ya sa ake ta neman yin leda daga sitaci, wadda ƙasa za ta iya cinyewa, kuma Najeriya, da ta fi kowace ƙasa noman rogo, tana da kayan aikin. Ana iya narkar da sitaci da ɗan gilisarin a shimfiɗa shi ya zama fata mai laushi. Matsalar ita ce tana shan laima, kuma bayan makonni a ajiye sarƙoƙinta suna komawa tufka, sai ta yi tauri ta fara tsagewa. A Wudil akwai jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a 2001, wadda tun 2022 ke ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, kuma dawa da masara da rogo suna kewaye da ita. Duk ɗalibin da ya ɗauki wannan aiki a can, abin da zai fara auna wa shi ne yawan kiristal ɗin da ya dawo cikin fatar bayan mako ɗaya, da bayan wata ɗaya, a zafin bazara da kuma sanyin hunturu.